Yadda Ake Girkin Gida Irin Na Indiya: Dal, Kiciri Da Roti Don Ranakun Sauri Da Na Sanyi

Duk wadda ta taɓa raka majinyaci Delhi a watan Janairu ta san sanyin garin ba na wasa ba ne. Hazo yakan rufe titi har hantsi, da dare sanyi kan sauka zuwa digiri 5, gidajen kuwa da zafin bazara a rai aka gina su, don haka ɗaki yakan fi waje sanyi. A irin wannan tafiya na yi mako shida ina jinyar yayata a wani ɗakin haya, kuma a kicin ɗin matar gidan na fara ganin abin da Indiyawa ke ci idan sun rufe ƙofa. Na zaci zan ga jan mai da kirim da kaza irin na gidajen sayar da abinci. Abin da na tarar shi ne tukunyar wake mai ruwa-ruwa da suke kira dal, da kayan lambu da aka turara a ɗan mai, da roti, wato gurasar alkama marar yisti, sai kindirmo a gefe. Cikin minti 40 take gama komai, kullum, ba gajiya.

Na daɗe ina kallonta kafin na gane inda daɗin yake fitowa. Yana cikin minti ɗayan da take yi da wani ƙaramin kasko, da cokalin man shanu, da 'yan ƙwayoyin kayan ƙamshi. Uwargida, idan kika iya wannan minti ɗayan, sauran duk abin da kika riga kika sani ne, domin da yawa daga kayan girkin nan suna nan a kasuwarmu, wasunsu ma daga Afirka suka tafi can.

Kayan da za ki tanada

A kicin ɗin Indiyawa akwai wani zagayayyen kwanon ƙarfe mai murfi da suke kira masala dabba, da ƙananan kwanuka bakwai a ciki. Kusa da murhu yake zama, saboda idan mai ya yi zafi babu lokacin buɗe kwalabe. Ki yi koyi da wannan ko da da faranti ne da murafen kwalba. Abin da za ki zuba: garin kurkur, ƙwayar kumin, garin koriyanda, dakakken jan barkono, garam masala, da gishiri. Ƙwayar mastad idan kin samu, amma rashinta ba zai hana ki komai a nan ba. Ɗanyun kayan kuwa ba baƙi ba ne: albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta, tumatur, ɗanyen barkono ko attaruhu, da lemon tsami. Kurkur da girfa da kanumfari da hulba ana samunsu wajen masu kayan ƙamshi da shagunan magungunan Musulunci. Kumin da koriyanda da kadamon kuwa manyan kantuna sun fi ajiye su.

Garam masala gara ki haɗa da kanki. Ki samu kumin cokalin miya 2, ƙwayar koriyanda cokali 2, masoro rabin cokali, kanumfari 10, kadamon 10, da girfa mai tsawon ɗan yatsa. Ki zuba a busasshen kasko, wuta kaɗan, kina juyawa minti 2 zuwa 3 har ƙamshi ya tashi. Ki juye a faranti ya huce, ki daka, ki tankaɗe, ki rufe a kwalba. Masoronmu yana da ɗan ɗaci fiye da baƙin barkonon Indiya, shi ya sa na rage shi. Kalmar garam da harshen Hindi tana nufin mai ɗumi, kuma a ƙarshen girki ake barbaɗa shi, kaɗan, don kada ƙamshin ya tsere.

Sai man shanu. Abin da Indiyawa ke kira gii, soyayyen man shanunmu ne, ba ƙari ba ragi. Bambanci ɗaya: mu mukan soya shi da albasa, su kuwa zallarsa suke narkarwa a kan wuta kaɗan har ruwan ya ƙone, ƙasan ya yi ja-ja, su tace. Ki soya naki haka, domin zai shiga kayan zaƙi ma. Idan babu, man gyaɗa ya wadatar.

Roƙona ɗaya: a gwajin farko ki ajiye garin kori da tayim da ɗanɗano na dunƙule. Garin korin nan na gwangwani Turawan Ingila ne suka yaɗa shi a duniya, ban kuma taɓa ganinsa a kicin ɗin matar nan ba. Idan kika zuba su, dal ɗinki zai koma ɗanɗanon miyar da kika saba, ba za ki san abin da kika rasa ba.

Tadka, wato toya kayan ƙamshi

Tadka shi ne ki zafafa mai, ki jefa ƙwayoyin kayan ƙamshi su toyu, ƙamshinsu ya shiga man, man kuma ya kai shi ko'ina a cikin abinci. Kumin da aka dafa a ruwa kusan ba ya cewa komai. Wanda aka toya a man shanu na daƙiƙa 15 har maƙwabta sai sun ji.

Ki ɗora busasshen kasko a matsakaiciyar wuta, ki zuba mai. Don ki san ya yi zafi, ki jefa ƙwayar kumin ɗaya. Idan ta nutse shiru, ki ƙara jira. Idan ta fara ƙara tana kumfa nan take, lokaci ya yi. Idan kuwa man yana hayaƙi, ya wuce, ki sauke shi ya ɗan huce.

Akwai tsarin shiga, kuma dalilinsa a fili yake: abin da ya fi jure zafi shi ke fara shiga. Mastad ne farko, ki rufe da murfi don yana tsalle kamar gugguru, idan ƙarar ta lafa ki buɗe. Sai kumin, ki ƙirga goma zuwa sha biyar, ya koma ruwan ƙasa. Sai busasshen barkono guda. Sai albasa idan girkin na buƙata, ta soyu ta yi ruwan zuma. Sai tafarnuwa da citta, minti ɗaya. A nan ki rage wuta sosai kafin ki zuba kayan gari, kurkur da koriyanda da barkono, domin gari cikin ƙiftawar ido yake ƙonewa. Ki juya sau biyu, ki bi shi da tumatur da ɗan gishiri, ki soya har mai ya fito a gefe. Wannan alamar kin san ta daga suyar kayan miya, ita ce dai.

Idan kumin ko tafarnuwa ta yi baƙi, ki zubar, ki goge kaskon, ki sake. Na san hannu ba ya son zubar da man shanu, amma cokali biyu da suka ƙone za su ɓata tukunya guda da ɗaci, kuma babu gishiri ko lemon da zai gyara. Matar gidan nan, duk iya tattalinta, a kan wannan ba ta jayayya.

Tadka iri biyu ne. Akwai na farkon girki, wanda ake ɗora sauran kaya a kansa. Akwai na ƙarshe, wanda ake toyawa daban a juye a kan abincin da ya riga ya dahu. Dal da na ƙarshen ya fi daɗi.

Dal

Dal suna ne na duk wani dangin wake da aka ɓare aka raba biyu, kuma sunan miyar da ake yi da shi. Wanda ya fi saurin dahuwa shi ne masur, ƙanana masu launin lemo, waɗanda kantuna ke sayarwa da sunan jan lentil. Ba ya buƙatar jiƙo. Akwai mung mai launin rawaya, shi ma mai sauri ne kuma ba ya nauyi a ciki. Akwai tur, wanda ya fi tauri, sai an jiƙa shi rabin awa. Idan duk babu, ki surfa farin wakenmu kamar za ki yi alale, ki yi da shi. Ba wani baƙon abu kika yi ba: wakenmu yana can Indiya, lobiya suke ce masa, kuma mutanen Punjab suna miyarsa.

Na mutum huɗu: masur kofi 1, ruwa kofi 3 da rabi, kurkur rabin cokalin shayi, gishiri, man shanu cokalin miya 3, kumin cokalin shayi 1, tafarnuwa 5, citta kamar kan babban yatsa, albasa 1, tumatur 2, busasshen barkono 2, lemon tsami rabi.

Ki wanke masur sau uku ko huɗu har ruwan ya daina yin fari. Ki zuba a tukunya da ruwan, ki ɗora. Da ya tafasa wata farar kumfa za ta taso, ki kwashe ta da ludayi. Bayan nan ne za ki zuba kurkur, don kada ki kwashe shi tare da kumfar. Ki rage wuta, ki rufe rabi-rabi saboda dal yana son zubowa, ki bar shi minti 20. Surfaffen wake zai kai minti 40 ko fiye, ki riƙa ƙara masa ruwan zafi.

Abu biyu kada su shiga tukunyar a wannan lokacin. Na farko tumatur ko lemon, domin tsami yana hana wake laushi. Na biyu kanwa. Na san mun saba da ita a dahuwar wake, amma kurkur idan ya haɗu da kanwa ja yake komawa, ɗanɗanon kuma ya canza. Jiƙo da haƙuri sun fi.

Idan kika murza ƙwaya tsakanin yatsu ta narke, ki zuba gishiri, ki ɗauko maburgin da kike burga miyar kuka, ki burga sau goma ko makamancin haka. Indiyawa ma suna da irin wannan icen. Ba so ake ya zama sumul kamar koko ba, a bar masa ɗan jiki. Kaurinsa ya danganta da abokin cinsa: da shinkafa a sake shi ya fi ruwa, da roti ya ɗan kama. Ki tuna yana ƙara kauri idan ya huce.

Yanzu tadka. Man shanu cokali 2, kumin rabi, albasa, citta da rabin tafarnuwar a jajjage, tumatur, har mai ya fito. Ki juye a tukunyar dal, su tafasa tare minti 5 su san juna. Ki ɗanɗana gishiri. A nan da yawa suke tsayawa, kuma ya ci. Amma ni ina ƙara na biyu daidai lokacin da za a zauna ci: ragowar man shanun, ragowar kumin, tafarnuwa yankakkiya siriri, da busasshen barkono. Da tafarnuwar ta yi ruwan zinare ki juye a kan dal, zai yi cuu, ki rufe tukunyar nan da nan minti 2 don ƙamshin ya koma ciki. Ki buɗe, ki matsa lemon, ki watsa ganyen koriyanda idan kina da shi.

Mai tukunyar firesha aikinta ya ragu. Matan Indiya ba da agogo suke auna dahuwa ba, da shewar tukunya suke ƙirgawa: masur shewa 2, tur 3 zuwa 4. Kada ki cika ta fiye da rabi, kuma ki bari iskar ta fita da kanta kafin ki buɗe.

Kiciri, abincin mai sanyi da mai jinya

Wannan shi ne abin da yayata ta fara iya ci bayan an yi mata aiki, shi ya sa yake da wani matsayi a wurina. Shinkafa da dal ne a tukunya ɗaya, sai dai ba warawara kamar garau-garau ba, laushi ake so ya yi, kusa da fate. Shi ake ba yaro da ya fara cin abinci, da tsoho, da mai zazzaɓi, da wadda ta dawo aiki a gajiye.

Ki haɗa shinkafa kofi 1 da mung ko masur rabin kofi, ki wanke, ki jiƙa minti 20. Shinkafar gida 'yar Hausa ta fi 'yar waje mai tauri dacewa, saboda tana saurin narkewa. A cikin tukunyar da za ki dafa, ki yi tadka da man shanu cokali 2, kumin cokalin shayi 1, da jajjagen citta. Ki tsane shinkafar ki zuba, ki juya minti ɗaya, ki sa kurkur rabin cokalin shayi da gishiri, sai ruwan zafi kofi 6. Idan ya tafasa ki rage wuta, ki rufe, minti 30, kina leƙawa kina juya ƙasan don kada ya kama. A firesha ruwa kofi 5 da shewa 4 sun isa. Ga mai lafiya ki yanka karas da dankali da koren wake a ciki. Ga majinyaci ki bar shi zalla, ba barkono.

Indiyawa suna da wata magana cewa kiciri abokai huɗu gare shi: kindirmo, da man shanu, da papad, wato wata siririyar busasshiyar waina mai ƙaras-ƙaras, da acar, wato mangwaro ko lemon da aka tsuma a mai da gishiri da yaji. Biyun farko suna gidanki. Cokalin man shanu a tsakiyar kiciri mai zafi, da kindirmo mai sanyi a gefe, ya isa daren hunturu.

Akwai kuma kicirin gero, wanda ya fi ba ni mamaki. A jihohin Rajastan da Haryana da Gujarat gero abincin sanyi ne, bajra suke kiransa, kuma geron nan namu ne na fura da kunu. A yankin Sahel aka fara noma shi, ya isa Indiya dubban shekaru da suka wuce, yau Indiya ta fi kowace ƙasa noma shi. Ki surfa gero kofi 1, ki wanke, ki rege, ki jiƙa ya kwana. Da safe ki tsane, ki ɗan ɓarza shi a turmi ya farfashe, ba gari ba. Ki dafa da mung rabin kofi, gishiri, da ruwa kofi 6, wuta kaɗan, kusan awa guda, kina juyawa akai-akai don gero yana kamun tukunya. Ki yi masa tadkan kumin da man shanu mai yawa. A can da kindirmo ake ci, ko da gur, wanda ba komai ba ne illa mazarƙwaila.

Kayan lambu a busasshen girki

Sabzi suke kiran kayan lambu da aka dafa, kuma na yau da kullum ba shi da romo. Lokacin sanyi ne kakar farin kabeji da koren wake da karas a arewacin Indiya, kamar yadda kayan noman rani ke cika kasuwa a nan da hunturu. Shahararrensu shi ne alu gobi, dankali da farin kabeji.

Ki fere dankalin turawa 3 ki yanka ƙanana, ki ɓalle farin kabeji 1 gutsi-gutsi, ki wanke, ki bari su tsane sarai, domin ruwa ne ke mayar da shi caɓi. Mai cokalin miya 3, kumin, citta, sai dankali shi kaɗai minti 4 saboda ya fi tauri. Ki zuba farin kabeji, kurkur rabin cokalin shayi, koriyanda cokalin shayi 2, barkono, gishiri. Ki juya su yi rawaya duka, ki yayyafa ruwa cokali 2 kawai, ki rufe ruf, wuta can ƙasa, minti 12 zuwa 15. Sau biyu za ki buɗe ki juya a hankali. Da wuƙa ta shige dankalin ki sa tumatur 1 yankakke, ki buɗe murfi, ki ƙara wuta minti 3 gefen ya ɗan yi ja. Garam masala kaɗan, ki sauke.

Farin kabeji yana da tsada a wurinmu. Kabeji na ganye yana yi, kuma minti 8 ya ishe shi. Alayyafo da dankali ma haka. Kuɓewa kuwa, ki wanke ta ki shanya ta bushe kafin ki yanka, ki soya a buɗe ba ruwa, gishiri a ƙarshe. Za ki ci kuɓewar da babu yauƙi ko kaɗan, haka Indiyawa ke son ta.

Roti

A nan ake ɗan shan wahala, sai dai wahalar kwana uku ce. Garin alkama ake so, wanda ba a cire masa dusa ba, atta a harshensu. Ki kai wankakkiyar alkama busasshiya a niƙa miki da laushi sosai, ki tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Farar fulawa tana yi amma rotin yakan yi danƙo.

Gari kofi 2, gishiri kaɗan, ruwa mai ɗumi kamar kashi uku cikin huɗu na kofi. Ki riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan kina haɗawa, ki murza minti 5 har ƙullin ya yi laushi kamar fatar kunne, ba ya manne wa hannu. Yawancin rotin da ke fitowa kamar fai-fai daga taurin ƙulli ne. Ki shafa masa ɗan mai, ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya huta minti 20. Kada ki tsallake hutun nan, shi ke sa ya miƙu ba ya ja da baya.

Ki raba goma, kowanne kamar ƙwan kaza ƙarami. Ki mulmula, ki danna, ki tsoma a gari, ki murza da abin murza fulawa ko kwalba mai santsi, daga tsakiya zuwa baki, kina juya shi, har ya kai faɗin ƙaramin faranti. Zagaye ba dole ba ne, kauri ɗaya a ko'ina shi ne dole, don inda ya fi siriri nan yake hujewa ya ƙi kumbura.

Kaskon ƙarfe mai faɗi, busasshe, da zafi sosai. Ki kakkaɓe garin, ki ɗora. Bayan kamar daƙiƙa 30 za ki ga ƙananan ƙuraje sun taso, ki juya. Wannan gefen ki bar shi ya fi daɗewa, har ya yi ɗigo-ɗigon ja. Ki sake juyawa, ki riƙa danna bakinsa a hankali da naɗaɗɗen ƙyalle, zai cika da tururi ya tashi kamar balan-balan. Mai murhun gas tana iya ɗaga shi da abin kamawa ta ɗora kai tsaye a kan harshen wuta daƙiƙa biyu. Ki shafa man shanu, ki jera a kwano mai ƙyalle, ki rufe. Idan yana fitowa busasshe, kaskon bai yi zafi ba, ya daɗe a kai. Wanda bai kumbura ba ma ya ciyu.

Rotin gero wani hannu ne daban. Garin gero ba shi da danƙo, don haka da ruwan zafi ake kwaɓawa, kuma ɗaya bayan ɗaya: ki ɗebi ƙulli guda, ki murza shi da tafin hannu minti ɗaya, ki ɗora a kan leda mai tsabta, ki faɗaɗa da jiƙaƙƙun yatsu, ya fi na alkama kauri. Wuta matsakaiciya, ya ɗan daɗe. Ki niƙa kaɗan-kaɗan, don garin gero idan ya kwana biyu yana ɗaci. Da zafinsa ake ci, da man shanu da ɓarin mazarƙwaila, ko da dakakkiyar tafarnuwa da jan barkono.

Shayi da ɗan abin taɓawa

Shayin Indiya dafa shi ake yi da madarar gaba ɗaya. Na mutum biyu: ruwa kofi 1, ɗanyar citta dakakkiya, kadamon 2 a fasa, kanumfari 1. Ki tafasa minti 3 tukuna, wannan yana da muhimmanci, domin ɗanyar citta da ba ta dahu ba tana tsinka madara. Ki zuba ganyen shayi cokalin shayi 2 da sukari, minti ɗaya, sai madara kofi 1. Ki bari ya taso, ki rage wuta ya sauka, ya sake tasowa, sau uku, ki tace. Idan madarar gari ce ki dama ta da ruwa kafin ki zuba.

A tsakiyar Janairu, ranar 14 ko 15, Indiyawa suna bikin Makar Sankranti, kuma riɗi da gur ne abin rabon ranar. Wadda ta san kantu ta riga ta san shi. Ki soya riɗi kofi 1 a busasshen kasko har ya fara tsalle, ki juye. Ki narka mazarƙwaila kashi uku cikin huɗu na kofi da man shanu cokali 1 da ruwa cokali 1. Ki ɗiga a ruwan sanyi: idan ɗigon ya dunƙule yana mulmuluwa a yatsa, ya yi. Ki kashe wuta, ki zuba riɗin da soyayyar gyaɗa ɓarzajjiya, ki juya da sauri, ki shafa mai a hannu ki mulmula tun da ɗuminsa. Idan ya sandare kafin ki gama, ki mayar kan wuta kaɗan ya saki.

Yadda ake haɗa su a minti 40

Ƙullin roti ne farko, don ya huta yayin da kike sauran. Sai dal a wuta ɗaya. Yana dahuwa kina yanka albasa da tafarnuwa da citta na girki biyu a lokaci guda. Sabzi ya hau wuta ta biyu, ki rufe shi. Tadkan farko ya shiga dal. Idan sabzi ya sauka, kaskon roti ya hau gurbinsa. Tadkan ƙarshe kuwa sai kin ji an shimfiɗa tabarma. Ranar da babu ƙarfin roti, farar shinkafa da dal abinci ne cikakke, haka miliyoyin gidaje ke ci a can. Don ki rage aikin mako, ki daka tafarnuwa da citta daidai-wa-daida da ɗan gishiri da mai, ki ajiye a kwalba cikin firji.

Dal ɗin da ya rage kada ki ɗumama shi kawai. Washegari da safe ki zuba shi a garin alkama a madadin ruwa, ki ƙara yankakkiyar albasa da ɗanyen barkono, ki kwaɓa, ki murza da ɗan kauri, ki gasa a kasko kina shafa man shanu a kowane gefe har ya yi ja. Parata ke nan, kuma da shi da kindirmo matar gidan nan take sallamar 'ya'yanta makaranta a safiyar da hazo bai ɗaga ba.